Ƙafar da ta karye a dokin ƙofa

'Yata ta uku ba ta san tafiya a hankali ba. Ko ruwa aka ce ta ɗebo a randa, da gudu take zuwa. Tana shekara shida aka gano sankarar jini a jikinta, ni da mahaifiyarta muka zama 'yan hanya tsakanin Paki da asibiti a Zariya.

Jinyar ta ci watanni. Gashinta ya zube, magani ya kumbura mata kumatu har 'yan dubiya na cewa ta yi ƙiba. Da damina aka sallame mu. Muna isa gida aka faɗa mata akuyarta ta haihu, ta zame daga hannuna ta nufi turke. Dokin ƙofar ɗakinmu ba wani tudu ne da shi ba. Nan ta taka, ƙafar ta lanƙwashe, ta zauna tana kallona kafin kukan ya zo.

Yayana ya ce a kira mai ɗori. Na ce mu dai koma asibiti. Likitar, wata mata mai sanyin murya, ta ɗaga hoton ƙafar ga haske.

"Malam, ƙashin ya karye, dama ya yi laushi. Maganin da ke yaƙar ciwon yana cin ƙashi, ga shi ta daɗe kwance ba ta ganin rana. Bitamin D ya yi ƙasa a jininta."

Na ce, "Rana, likita? Wannan da muke wuni cikinta a gona?"

"Ita fa. Da ƙwai, da kifi, da wannan ƙwayar."

Kullum da hantsi sai in ɗauko ta in zaunar a tabarma gindin rumbu, mahaifiyarta ta dafo mata ƙwan zabi.

"Baba, ƙashina ya sha ranar?"

"Yana sha, uwata."

"To gobe zan tashi?"

"In Allah ya yarda."

Ƙashin kuwa ya haɗe. Ta fara tsayuwa riƙe da gefen rigata, ƙafafun na rawa, tana dariya. Har na fara zancen makaranta. Sai da dawa ta nuna, ciwon ya dawo da zazzaɓi, dasashinta ya fara jini. Muka koma Zariya, likitar ta ja ni gefe ta ce sai dai haƙuri da addu'a.

A gida ta cika, ranar wata Laraba. Ba a ɗauko makara ba, a hannu na ɗauke ta. A hanyar makabarta yayana ya miƙo hannu zai karɓe ni, na ce ya bari, ba ta da nauyi.