Kwamfutar da Kawuna Ya Gano Ciwonta

Shekarun baya, da na gama makaranta na dawo Kura, na ƙudurta cewa sana'ar ɗaukar bidiyon biki zan yi. Kamara aro nake yi, amma kwamfutar da zan tace bidiyon ba ni da ita, sabuwa kuwa ta fi ƙarfina. Sai na ce ai ni ɗan boko ne, da hannuna zan haɗa. Na shiga kasuwa a Kano na tsinto kayan gwanjo ɗaya bayan ɗaya: madabod, wato faifan da ake ɗora komai a kai, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, sai ram da fanka. Na dawo ina taƙama kamar wanda ya ƙera jirgi.

Aikina na farko bikin abokina ne a Bunkure. Na ɗauki komai, tun daga ɗaurin aure har walima. Kwana tara da bikin Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa. Da na je gaisuwa, abokina ya ja ni gefe ya ce mahaifiyarsa ta tambaya ko tsohon ya fito a bidiyon, domin ba su da komai nasa sai ƙaramin hoton katin shaida. Na ce ya fito sosai, su ba ni mako ɗaya.

Na dawo na ɗaure komai, na danna makunni. Fanka ta juya, allo baƙi ƙirin. Na kwance na sake ɗaurawa har sau uku. Da na kira mai shagon da ya sayar mini da madabod ɗin, ya ce furosesar ta fi madabod ɗin sabunta. Ta zauna daidai a gurbinta, amma ɗan shirin da ke cikin madabod ɗin tsoho ne, bai san ta ba. Sai an sa tsohuwar furosesa an kunna, an sabunta shirin, sannan a mayar da tawa. Haka na rungumi akwatin a mota har Kano, aka yi, allo ya kawo. A can na mayar da fankar a kan furosesa da kaina cikin gaggawa don kada in rasa mota.

Na ɗauka an gama, ashe da sauran rina a kaba. Kwamfutar takan tashi lafiya lau, amma da zarar na sa ta fitar da bidiyon sai ta fara jan ƙafa, bayan ƴan mintuna ta ɗauke ɗif. Na zargi wutar sola, na zargi ram, na zargi mai shago da kakanninsa. Mako ɗaya ya zama uku. Na daina bin hanyar Bunkure, in abokina ya kira sai in bar wayar ta gaji ta tsinke.

Wata rana da hantsi kawuna ya biyo gidanmu. Gyaran injin ban ruwa yake yi, duk masu tumatir da albasa na bakin kanal ɗin ruwan noman rani sun san shi, amma ko saƙon waya sai an karanta masa. Ya tarar da ni na yi tagumi, ya tambayi abin da ya faru. Na faɗa masa a taƙaice, cikin irin muryar da ke nufin wannan ba fanninka ba ne. Ya ce in kunna in sa ta aikin ya gani. Ya tsuguna ya kasa kunne, ya sa bayan hannunsa a inda iska ke fitowa, bai motsa ba har ta mutu.

Ya ce, “Ɗana, injin da zai tashi lafiya, sai ya ɗauki kaya ya mutu, zafi ne ke damunsa.”

Na ce ai ga fanka nan tana juyawa, Kawu.

“Tana juyawa, amma iskar da sanyi take fitowa. Injin da ke aiki zafinsa waje yake yi. Wannan a ciki take riƙe da nata. Buɗe mu gani.”

Na buɗe ne kawai don kada in yi masa musu. Ya sa yatsa ya taɓa ƙarfen da ke zaune a kan furosesa, wanda ke janye mata zafi, sai ga shi yana rawa. A ƙafafunsa huɗu, biyu ba su shiga raminsu ba, man da ake shafawa a tsakani kuma ya bushe ya zama gari. Aikin gaggawata ne. Kawu bai yi mini dariya ba, cewa kawai ya yi ko a inji haka ne, in fuska biyu ba su haɗu ba, ba a zaman lafiya.

Washegari na samo man, na shafa, na danna ƙafafun har sai da kowace ta yi ƙas. Na sa bidiyon, na ajiye hannuna a bayan akwatin. Da na ji iska mai ɗumi ta bugi tafina, sai da na yi hamdala a fili. Kafin azahar aiki ya fita.

Na kai musu da la'asar, ina ta shirya kalaman ban haƙuri. Mahaifiyar abokina ba ta bari na ƙarasa ba, ta ce a kunna. Akwai inda tsohon yake gyara wa ango hula, wani ya yi magana, tsohon ya tuntsire da dariya. Sau huɗu ta sa aka mayar da wurin, daga nan ta ce, “Haka yake dariyarsa. Allah Ya yi maka albarka.”

Yanzu ina da shago da kwamfutoci uku, ina kuma koya wa matasa haɗawa. Abin da na riƙe shi ne, ilimi ba shi da kayan sarki, yakan zo da hannu duk baƙin mai. Kuma in aikin mutum ya tsaya a hannuna, nakan ɗaga waya in faɗa masa gaskiya, domin wanda ke jira ba lallai kaya kaɗai yake jira ba.