Wadda Ta San Inda Ruwa Yake

Shekarar da aka sauke tutar Turawa ina aji huɗu a Makarfi. Lokacin dafa mazarƙwaila ne, Kaka takan tara mu bayan sallar isha'i a bakin murhun da ake dafa ruwan rake, wuta na lasar gindin tukunya.

Ran nan da rana hedimasta ya zo gidanmu a Nasarawan Doya yana yabon lissafina. Ya kuma ce gwamnati na neman 'yan mata masu kai don sa su makaranta, ko akwai a gidan? Baba ya yi dariya ya ce babu. Ina tsaye na yi shiru, alhali Yaya Hanne, wadda ba a taɓa sa ta makaranta ba, ita ke yi mini lissafin nan da tsinke a ƙasa, ni kuwa in kwafe.

Da muka zauna jin tatsuniya a daren nan, Kaka ba ta tsokani kowa ba kamar yadda ta saba. Ta ce, "Ga wata nan, amma ba ta dariya ba ce."

Wai an yi wani gari da ƙishirwa ta kama. Maza suka haƙa rijiya shida, duk ƙura. A garin akwai yarinya mai lura da inda gara ke fito da danyen yumɓu, da itacen da ba ya kaɗe ganye. Amma an ce inuwar mace tana korar ruwan sabuwar rijiya, don haka sai ta raɗa wa ƙaninta wurin. Aka haƙa, ruwa ya ɓulɓulo, aka naɗa yaron Sarkin Rijiya. Ita kuwa ba wanda ya ƙara tambayarta komai, har idonta ya daina lura. Da ƙishirwa ta dawo aka ce Sarkin Rijiya ya nuna wuri. Ya nuna. Aka haƙa gaba goma, gaba ashirin, mutane na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Kaka, sai ya faɗi gaskiya?" in ji Yaya Hanne.

"Ban sani ba, 'yar nan. Har yanzu yana bakin ramin."

Ba ta rufe tatsuniyar ba. Ta tura itace cikin wuta, ta ce mu tashi. Tsoro ya kama ni sosai, amma gari ya waye ban ce wa Baba komai ba.

Na zama injiniyan ruwa. A ajinmu a Zariya babu mace ko ɗaya, kuma ba wanda ya ga abin mamaki. Yau jikar Yaya Hanne tana karatun injiniya, ni na kai ta da hannuna, na kuwa ɗauka na biya bashin da Yaya ke bi na.

Bara na tattara ƙarfin hali na roƙi Yaya gafara. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

"Na yafe, Sale," ta ce. "Amma ka san har sati guda ina wanke ƙafata kowace safiya don shirin makaranta, ina jiran ka yi magana."