Guzurin da Aka Dawo Mini da Shi

'Yata ta fari ta gama jami'a, muna zuba ido ta kawo mana labarin aiki ko na miji, sai ta kawo mana labarin tafiya. Wai akwai wata hanya ta cikin daji da duwatsu, tun daga kudancin ƙasar Turawan nan da muke zaune har arewa, mutane na bin ta a ƙafa wajen rabin shekara, ita ma za ta bi. Na tambaye ta me ake samowa a ƙarshen hanyar. Ta ce babu komai. Kakana ya taka har Gwanja, amma shi goro ya je ɗaukowa.

Babanta direban tasi ne, ba mai yawan magana ba. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga baya ya ja bakinsa ya tsuke. Ni kuwa har wajen limamin masallacinmu na unguwar Morrisania na kai ƙara, ya ce yarinyar da ta haura ashirin a ƙasar nan sai addu'a. Da na ga ba ni da ikon hanawa, sai na koma ga abin da na iya. A gidanmu ba a sallamar matafiyi babu guzuri, kuma ba a sakin yaro a tasha sai an damƙa shi a hannun wani babba an ce ga amana.

Na je unguwar Harlem wajen mutanen Nijar na sayo kilishi mai kyau. Na yi dambun nama, na haɗa garin kunu, na daka yaji har maƙwabta suka yi ta atishawa. Na sa bargo, sallaya mai kauri, zani da buta. Duk na cusa a jakar bayanta, tana kallona.

Ranar tafiyar ta zo daidai da wani biki da masu wannan yawo ke yi a babban lambun da ke arewacin Bronx. Daga can wata mota za ta ɗauke ta zuwa mafarin hanyar. Babanta ya ce yana da aiki, ni na raka ta.

Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Rumfuna, garaya irin tasu, samari da gemu buzu-buzu, tsofaffi da gajeren wando, kowa na rungumar kowa. An ɗaura igiya an rataye yagaggun takalma, mutane na ɗaukar su hoto. Ni da nake wuni a tsaye ina kula da tsofaffi a gidajensu don kada 'ya'yana su san wahala, ga shi an kawo ni inda ake yi wa wahala biki. Haushi ya cika ni, amma na rasa wanda zan sauke wa.

Akwai wata al'ada tasu da ban sani ba. Duk sabon matafiyi yakan kai jakarsa wani teburi, wanda ya riga shi bin hanyar ya zazzage ta, ya ware abin da bai kamata a ɗauka ba. Mai teburin wata tsohuwar Baturiya ce, siririya kamar tsinke, da ƙaramin sikeli a gabanta. Ta ɗaga jakar 'yata, ta ajiye da sauri tana dariya, sannan ta kifar da ita.

Ina tsaye aka baje aikina na mako guda a bainar jama'a. Bargo ya yi gefe. Dambu, ta ce ƙanshinsa zai kira namun daji. Garin kunu ya yi nauyi. Sallaya ta bi bargo. Da ta ɗauki buta tana jujjuyawa, na kasa haƙuri.

"Gaya mata ta alwala ce," na ce wa 'yata.

Ta amsa mini da Turanci, kamar yadda ta saba, a hankali don kada a ji: "Mama, ina da gorar ruwa. Ita ma za ta yi."

Da tsohuwar ta yi rashin kunya da na ji daɗi, don na san yadda zan yi da ita. Sai ta dafa hannuna ta ce kayan duk masu kyau ne, amma gwiwar yarinyar ce za ta biya.

Na ce to, guzuri ya faɗi, saura amana. Na tambayi tsohuwar wane ne shugaban tafiyar. Ta ce babu shugaba. Wa ke gaba, wa ke baya? Ta ce kowa da saurinsa, waɗanda za su shiga mota tare ma a ranar farko za su rabu.

Na ɗauki kilishin na shiga cikin taro. Duk wanda na ga alamar hankali a fuskarsa sai na yago masa, na nuna masa 'yata daga nesa, na ce da guntun Turancina, waccan mai koren ɗankwali tawa ce, idan kun haɗu a daji a kula mini da ita. Suka ci, yaji ya sa su hawaye, suka yi godiya, kowa ya ce in kwantar da hankalina. Wani dattijo har hannu ya ɗora a ƙirji. Sai da kilishin ya ƙare tas na dawo, zuciyata ta ɗan yi sanyi, na gaya wa 'yata na samo mata mutane da yawa.

Ta bi waɗanda na nuna da kallo. Sannan ta ce, wannan karon da Hausa, irin tata mai karyewa:

"Mama, waɗannan sun gama tasu tafiya tun da daɗewa. Biki kawai suka zo. Yau kowa gida zai koma."

Na zauna a kan ciyawa.

Da la'asar motar ta zo. 'Yata ta durƙusa gabana, abin da rabonta da yi tun tana ƙarama, na dafa kanta na karanta abin da ya zo bakina. Cikin tulin kayan ta ɗebi yaji kaɗan a 'yar leda, tsohuwar ta auna ta ce wannan kam za ta iya tafiya da shi. Shi ke nan abin da ya bi ta daga hannuna.

Na shiga jirgin ƙasa da ƙullin bargo da buta a cinya, kamar ni ce matafiyar. Na tarar da babanta a falo, ashe bai fita aikin ba. Ya dubi kayan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dube ni.

"A hannun wa kika bar ta?"

"Babu kowa, Malam."

Ya miƙa hannu ya zare butar daga cikin ƙullin, ya nufi banɗaki. Na ji ya buɗe famfo yana cika ta, ruwan ya yi ta zuba, ya daɗe bai kashe ba.