Gyaɗa Ɗaya Da Ta Hana Rabo

A shekarar yunwa, lokacin da wutar daji ta cinye gonaki, mu bakwai ne a gidanmu na Sakasaka. Da an yi sallar magariba sai mu zagaye murhun Kaka, ko da ba komai a tukunya sai ruwan kanwa da ɗan garin rogo. A ƙarƙashin gadonta akwai tulu, cikinsa irin gyaɗar da za mu shuka idan ruwa ya sauka. Kawu Alasan, ƙanen babana, kullum idonsa na kan tulun.

"Inna, a raba mana mu ci mana. Gawa tana shuka ne?"

"Zauna, mai dogon wuya," in ji Kaka. "Ga tatsuniya nan tafe, ku buɗe kunne, tunda ciki ya ƙi rufuwa."

Ta ba mu labarin wata tsohuwa da ɓeraye suka zo wa rabon irinta. Tsohuwa ta ce ta yarda, amma sai kowa ya samu daidai, kada ƙwaya ta yi saura. Gyaɗar kuwa dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya ce. Ɓeraye biyu suka raba, ɗaya ta rage. Suka kira na uku, ɗaya ta rage. Har suka kai goma, ɗayar nan tana zaune tana kallonsu. Suna cikin gardama hadari ya haɗo, tsohuwa ta kwashe irinta ta nufi gona.

"Irin da ke cikin tuluna ma haka yake," ta ce wa Kawu. "Ka raba bakwai ba saura, ka cinye."

Washegari aka shimfiɗa tabarma. Ni aka ba ƙirga, don ina aji huɗu, kuma an san ni da maimaita abu har sai na gaji mutane. Na ƙirga sau uku. Kashi bakwai, kowanne ɗari uku da sittin, ga ɗaya a gefe.

Kawu ya matso ya rage murya. "Ayishetu, jefa ta a baki. Wa ya gani?"

Yawuna ya tsinke. Rabona da abin taunawa kwana biyu. Amma na gane in na haɗiye ta, lissafi ya tashi daidai, a soye gyaɗar tulun nan gaba ɗaya kafin la'asar. Na damƙe ta har ta yi mini shaida a tafi, na ce, "Kaka, saura ɗaya."

Haka muka yi ta yi har sati biyar. Duk safiya sai na sake ƙirgawa, ina tsoron ɓera na gaske ya cinye mana ƙwaya ɗaya. Ran da aka yi ruwan shuka, Kawu ne ya fara ɗaukar fartanya, yana ƙunƙuni.

Daga baya na kai wa Ticha Ofori, maƙwabcinmu ɗan kudu, wannan adadi. Ya cika takarda da lissafi, ya ce babu abin da ke raba shi daidai sai ɗaya da shi kansa. Ya tambaye ni makarantar da Kaka ta yi. Ba ta taɓa riƙe alli ba. Yadda ta samo shi, har yau ban sani ba, kuma abin yana damuna.

Yanzu ni ke da jikoki, ni ke da tulu. Idan suka ce, "Kaka, ɗaya ce fa kawai," sai in ji tafin hannuna yana ƙaiƙayi, in ƙara danne murfin.