Minti Ashirin a Bakin Shagon Faci

Auta ƙanina ne, shekarunsa talatin da huɗu, kuma a shagon wanki da guga babu mai ninke zanen gado kamarsa. Amma ka ce masa sannu ka ga ikon Allah: zai miƙo maka hannu, fuskarsa na kallon bango. Shekara tara mutane suna yaba masa kunya kafin wata likita ta gwada jininsa ta ce ba kunya ba ce, larura ce mai suna Fragile X, ana gadonta ta wajen uwa, kuma ta fi tsananta a kan maza. Mama ta yi kuka kamar ita ta zaɓar masa.

Likitar ta ce zai koya, amma a hankali, kuma ba irin koyonmu ba. Ta yi gaskiya. In ka ce masa fara da wannan sai wancan, ka ɓata yawun bakinka. Zai ciji bayan hannunsa ya yi ta maimaita maganarka. Sai ya ga abu daga farko har ƙarshe, sau ɗari, sannan wata rana ya yi shi gaba ɗaya. Haka ya koyi wanka yana da sha ɗaya, ɗaure igiyar takalmi yana da sha tara. Karatu kuwa a sunansa ya tsaya. Ni da na yi makaranta, in na ɗauki zani zan ninke sai ya fizge yana tsaki.

Shekara goma sha biyu Baba yana raka shi aiki a ƙafa. Da Baba ya rasu, Auta ya zauna gida sati uku. Ya daina wanka, ya ciji hannun nan har ya yi jini. Mama ba ta iya doguwar tafiya, ni kuma ƙarfe bakwai nake shiga aiki. Na je na sami mai shagon.

"Ban ƙi shi ba, 'yar uwa," ya ce. "Amma motar otal da ke zuwa kwasar wanki ba ta jiran kowa. In zai iya zuwa da kansa ƙarfe takwas, wurinsa na nan. In ba zai iya ba, dole in nemi wani."

Na auna hanyar da ƙafata, rabin awa ce. Na ce Mama ta riƙa sallamarsa bakwai da rabi. Ranar farko ya isa takwas da minti ashirin. Rana ta biyu ma haka, mai shago ya kira ni murya ba daɗi. Rana ta uku na nemi izini a wurin aiki na bi bayansa daga nesa, raina a ɓace.

Bai ɓata hanya ko sau ɗaya ba. Ya tsaya bakin titi ya ɗaga wa motoci hannu, ya ƙetara. Ya gaida mai jarida da kakkaurar murya irin ta Baba, har da "ya jikin tsohuwa?", mai jaridar ya amsa, "da sauƙi," alhali tsohuwar tasa ta shekara biyu a kabari. Da ya kai shagon facin taya, sai ya zauna a dakalin da ke gefe, ya miƙe ƙafar hagu yana murza gwiwa. Sai a lokacin na tuna da ciwon gwiwar Baba, na kuma tuna ba su taɓa kaiwa bakwai da rabi a gida ba. Auta ya koyi hanyar duka, har da hutun da ba nasa ba.

Na ƙarasa da faɗa. "Auta, tashi! Ƙafarka lafiyarta ƙalau. So kake a kore ka?"

Bai kalle ni ba. "Baba na hutawa," ya ce. "Baba na hutawa, Yaya."

Ya matsa can ƙarshen dakalin, ya bar wurin mutum ɗaya a damansa. Mai faci ya ɗago daga tayar da yake tsomawa a ruwa ya ce, "Ƙyale shi, baiwar Allah. Minti ashirin ne, ba ya ƙarawa, kamar ya haɗiyi agogo."

Ni da ban yi kuka ranar rasuwar ba saboda hidimar baƙi, a nan na yi shi, a tsaye, gaban tsofaffin tayoyi. Ban zauna a wurin da ya bari ba. Da lokacin ya cika ya tashi, ya miƙa hannu ga wanda ba ya nan kamar zai tayar da shi, sannan ya wuce.

Washegari Mama ta sallame shi bakwai da minti goma. Shekara huɗu ke nan bai makara ba.