Hular da Na Rufe Agogon Zafi da Ita

Motar da na fara saye a rayuwata tsohuwar bashe ce, wato a-kori-kura, fara, mai buɗaɗɗen baya. Ta riga ta gaji a hannun mutum biyu kafin ta iso gare ni. Ni ban iya tuƙi ba, har yau ban iya ba, sai na ba ɗan ƙanen babana mabuɗi. Na girme shi da shekara shida, gida ɗaya munka tashi nan Malanville, Yaya yake ce mini. Duk tasha an san shi da natsuwa. In ya tada mota da safe sai ya tsaya ya kasa kunne ga inji, kamar mai sauraren numfashin mara lafiya.

Ɗanyen kifi muke ɗauka. Masunta su kawo daga wajen Madécali da hantsi, mu zuba ƙanƙara, mu rufe da buhuna, mu kama hanyar Parakou. Wanda ya riga isa shi ke sayarwa da daraja. Wanda ya makara, matan kasuwa su danna cikin kifin da yatsa, su yamutsa fuska. Akwai wani maƙwabcina mai sabuwar mota, shi ma kifi yake kaiwa, kuma kullum sai ya riga ni. Wannan mutum shi ya tsaya mini a rai.

A gaba nake zama, kusa da direba, idona a kan agogon gudu.

"Yaya, wagga mota tamanin ne ƙarfinta," in ji ƙanena. "In ta daɗe sama da haka, cin kanta take yi."

"Taka mata. Motarka ce?"

"Taka ce. Amma ni nake jin kukanta."

"Ni kuma nake jin warin kifi. Taka."

Sai ya taka. Awa huɗu, awa biyar, allura na kan ɗari da goma, ba hutawa. Ya roƙe ni mu riƙa tsayawa Kandi ko rabin awa, inji ya huce, mu yi azahar. Na ce matafiya ne mu, mu haɗa da la'asar a gaba.

Wata biyar munka yi haka. Motar ta fara shan baƙin mai, duk tafiya sai an ƙara mata. Hayaƙi shuɗi ya fara bin bayanmu. Daga baya wata ƙara ta shigo cikin injin, ƙwas-ƙwas, kamar ana buga cokali a gindin tukunya. Duk ya nuna mini. Ya kai ni wajen makaniki, makaniki ya ce a buɗe inji tun da sauran dama, kuma a rage gudu. Na ce bakinsu ɗaya, so suke motar ta kwana garaji.

Ranar da abin ya faru bazara ce, kwalta har tana walƙiya. Mun wuce Guéné kaɗan maƙwabcin nan nawa ya zo ya wuce mu, ya danna oda, ya fito da hannu ta taga yana yi mini bankwana. Na ce a bi shi. Ƙanena ya nuna mini agogon zafi da haɓarsa. Allurar ta kusa shiga ja.

"Yaya, dubi. In ban tsaya ba za ta mutu."

Na cire hulata, na rataya ta a kan agogon, ta rufe shi ruf.

"Yanzu me kake gani?"

Na ƙara da cewa:

"In ka ɗaga ƙafarka, ka ba ni mabuɗina a nan kan hanya, ka koma gida da ƙafa ka gaya wa matarka tsoro ya kore ka daga aiki."

Ya kalle ni sau ɗaya, ya mayar da ido kan hanya. Bai ɗaga ƙafa ba. Mun wuce Kandi ba da nisa ba injin ya yi wata tsawa, tururi ya taso, motar ta gangara gefen hanya ta yi shiru. Na ɗauke hulata na sa. Kifin ya lalace a rana, wata babbar mota ta jawo mu gida da igiya, mutane na kallo.

A tasharmu akwai al'ada. In inji ya mutu a hannun direba, manyan direbobi da sarkin tasha sukan zauna ƙarƙashin rumfa su ji yadda anka yi. In laifin direba ne, ba mai sake ba shi mabuɗi a garin. Ba a rubuta ta ko'ina ba, amma kowa ya sani.

Munka zauna. Makaniki ya ce injin ya ƙone, ba ɗigon mai a cikinsa. Sarkin tasha ya juyo gare ni. Na hangi maƙwabcina a bayan rumfa yana murmushi. Ban so a ce ga wawan da ya kashe motarsa da kansa ba. Sai na ji bakina yana cewa:

"Duk tafiya ina ba shi mai ya zuba. Ashe sayarwa yake yi wa 'yan kabu-kabu."

Ƙanena ya miƙe tsaye.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Ka faɗa musu zancen hula."

"Wace hula?" na ce, na taɓa kaina. "Ga ta nan, me ta yi maka? Ita ta sha man?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Ya yi ƙoƙarin bayani, dariya ta danne muryarsa. Makaniki ya san gaskiya, amma ni ke kawo mishi aiki, sai ya sunkuyar da kai. Ni mai mota ne, ni ne babba, kuma ɗan'uwansa ne ni. Wa zai yarda mutum ya yi wa jininsa irin wagga ƙarya?

Daga ranar bai sake riƙe sitiyari ba. In ya ratsa tasha sai a ce, "Ku ɓoye galan, ga mashayin mai nan." Ya koma dakon buhunan albasa a kasuwa, ina wucewa ina ganinsa. Da bayansa ya gaza, ya kwashe iyalinsa ya koma Toumboutou, dangin uwarsa sunka ba shi gona. Ni kuwa na sayi wata mota, na ɗauki wani direba, kuma ban sake cewa kowa ya taka ba.

Sai da furfura ta cika kaina na hau kabu-kabu na tafi wurinsa. Na iske shi zaune bakin bukka, ya rame, ba ya iya miƙewa sosai. Na ce na zo neman gafara.

"A nan ka yi mini?" ya ce. "Nan ba kowa sai awaki. Ka koma rumfar da ka faɗa, ka faɗi gaskiya gaban waɗanda sunka yi dariya. Sannan ka dawo."

Lokacin sarkin tasha na da rai, da makaniki, da biyu cikin manyan direbobi. Na ce bari azumi ya wuce. Azumi ya wuce, na ce bari in aurar da ɗiyata, kada surukai su ji. Sau uku ina isa ƙofar tasha ina juyowa. Haka na yi ta ja har shekara huɗu, ina zuwa jana'izarsu ɗaya bayan ɗaya.

Bara na shiga. Rumfar na nan, an sake mata kwano. Na tsaya gaban direbobin yanzu na faɗi komai, har hular. Sunka saurare ni da ladabi. Da na gama, ɗaya ya ce, "Baba, wane direba ke nan?" Wani ya kawo mini kujera da ruwan sanyi, na ji yana ce wa na kusa da shi tsufa ne.

Na koma Toumboutou na gaya mishi na cika sharaɗi. Ya tambaye ni su wa ke wurin. Ya riƙa kiran sunayen mutanen da ɗaya-ɗaya, ina cewa ya rasu, ya rasu. Ya kalli hular da ke kaina.

"To, Yaya, ka san inda suke," ya ce. "Kai da ni duk mun kusa. In mun isa sai ka faɗa musu."

Ya kira matarsa ta kama shi, ta shigar da shi ɗaka. Mai kabu-kabu na jirana a bakin hanya, na hau munka dawo.