Zargi Ya Sa Na Ɓata wa Matata Jarrabawa

A lokacin ni manomin albasa ne a wani gari kusa da Madawa, karatuna bai wuce firamare ba. Matata kuwa ta gama jami'a. Da ta ce tana son shiga horon malamai don ta koyar da ƴan firamare, dariya na yi, na ce mai digiri me za a koya mata a kan karatun yara? Ta ce sanin abu daban, iya koyar da shi daban. Na tambayi tsawon horon, ta ce tana jin shekara guda ce. Na amince.

Shekara ta cika, sai ta ce da saura. Wai akwai sitaj, wato koyarwar gwaji, a wata lakkol, makarantar boko ta ƙauye, wajen Karofane, da kuma rubutun kammalawa da wani malami zai riƙa duba mata. Nan zuciyata ta fara raya mini abubuwa. A tashar albasa wani ya ce ƙanwarsa ta zama malama ba tare da wannan dogon zance ba, ya kuma yi wani murmushi da ya hana ni sukuni. Matata ta nuna mini takardar sharuɗɗan horon da Faransanci, na ce takarda ai kowa na iya bugawa. Girman kai ya hana in kai a karanta mini. Na koma binciken wayarta a ɓoye, ina ganin lambar namiji guda tana yawan kira.

Wata Talata ta ce kada in kira ta da safe, za ta kashe waya. Na hau babur na nufi ƙauyen. Ajin na zana ne, na leƙa ta wata kafa. Ga ta cikin sabuwar atamfa, ga wani mutum zaune a baya, idonsa a kanta, ita kuma tana ta fara'a. Ban san sa'ad da na faɗa ciki ba. Na shaƙe masa wuyan riga, na faɗi maganganun da ba zan iya maimaitawa ba, a gaban yara. Shugaban lakkol ya rugo ya ce mini wannan shi ne mai jarraba ta, yau ne darasinta na ƙarshe. Matata kuwa tana tsaye da alli a hannu.

Jarrabawar ta rushe, sai da ta jira zagayowar shekara. Wata uku ta yi a gidansu kafin iyaye su sasanta mu. A karo na biyu ta ci jarrabawar, yanzu tana koyarwa.

Ƴan'uwana maza, abin da ba ku sani ba ku tambaya, kada ku cike giɓin jahilcinku da zato. Ni dai ta ce ta yafe mini, na kuma yarda. Amma har yau, in abokan aikinta sun zo gidanmu suna hira, da na yi sallama sai kowa ya yi tsit.